ƁERA, GAHAWA DA GORO: INA GASKIYAR MAGANAR HAIHUWAR MAZA?

Lokaci lokaci akan ji labari ya ɓullo a jaridu da gidajen rediyo, wayoyin hannu kuma su ɗauka su baza gari, wai masana sun gwada gahawa a jikin ɓeraye, sun tarar tana rage wa namiji ƙarfin haihuwa. Magidancin cikin birnin Kano in ya ji haka yakan kaɗa kai ya ce, "Ina ruwana? Gahawa ai abin shan Turawa ne da Larabawa." Yana faɗin haka yana ɓantarar goro. To, nan gizo ke saƙa. Sinadarin nan da ake ɗura wa ɓerayen shi ne dai ke cikin goron da ke bakinsa, shi ne ke cikin shayin da ya karya kumallo da shi. Saboda haka maganar tamu ce, ya kuwa kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su san tushenta, gama su ne jama'a ke tambaya in an ji sabon abu. Magana ce mai nauyi a baki, amma kunya ba ta taɓa warkar da ciwo ba.

GORO SHI NE GAHAWARMU

Sunan sinadarin kafeyin. Wani Bajamushe mai suna Runge shi ya fara tace shi daga ƙwayar gahawa cikin 1819. Daga baya aka gane akwai shi cikin ganyen shayi, da koko, da goro. Aikinsa a jiki shi ne tare hanyar wani abu da ke sanar da ƙwaƙwalwa an gaji, shi ya sa mai cin goro barci ke ƙaurace masa, yunwa kuma ta lafa. Busasshen goro yakan ƙunshi wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na kafeyin. Gahawa irin ta Habasha da Yaman kuwa kaɗan ta ɗara kashi 1 cikin 100. Watau in nauyi da nauyi za a gwada, goro ne babba.

Kano kuwa ba jiya ta san goro ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci goro dubu 10 da Sarkin Nufe ya aika wa Amina ta Zazzau, a zamanin Sarkin Kano Dauda, ya kuma ce an buɗe hanyar Gwanja a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Bayan Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, goro ya sami mazauni a tsakiyar birni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙa kora jakuna zuwa Salaga, tafiyar watanni, su komo da huhunan goro. Sa'ad da Baturen nan Barth ya zo Kano cikin 1851, ya lura goro ya zama wa mutanen ƙasar abin da gahawa da shayi suka zama wa Turawa. Alhassan Ɗantata ma, wanda ya rasu cikin 1955, da fataucin goro ya fara kafa dukiyarsa kafin gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, goron ƙasar Yarabawa kuma ya yawaita, abin da dā sai sarakuna da attajirai ya zama na kowa. Yau ga kasuwar goro ta Mariri, motoci na saukewa suna lodi. Ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna, ba a gayyatar mutum sai da goro.

Ashe ke nan mutanen birni sun shekara wajen 500 suna tauna kafeyin. A 'yan shekarun nan kuma aka ƙara masa abokan tafiya: teburin mai shayi da gwangwanin Nescafe, da lemon kwalba baƙi, da lemon gwangwanin nan da samari ke sha wai don ƙarin kuzari. Wannan tarin shi ne sabon abu, shi ne kuma dalilin da ya sa ya dace a saurari labarin ɓeraye da kunnen basira.

ABIN DA AKA GANI A JIKIN ƁERA

Ɓeran da ake gwaji da shi ba irin na rumbu ba ne. Wani farin ɓera ne da ake kiwo musamman, mafi shahara kuwa shi ne wanda ake kira Wistar, don wata cibiyar bincike ta birnin Filadelfiya a Amurka ita ta fara renonsa tun 1906. Dalilin zaɓensa a fili yake. Ba shi da tsada, yana balaga cikin wata biyu, ƙwayoyin maniyyinsa kuma suna kammala girma cikin kwana 50 da 'yan kai, alhali na mutum sai sun yi wajen kwana 74. Har wa yau ana iya yanka shi a duba cikinsa da madubin likita, abin da ba shi yiwuwa ga ɗan Adam.

Cikin 1979 waɗansu masana a Amurka suka cakuɗa wa ɓeraye kafeyin cikin abinci, rabin kashi ɗaya cikin 100 na dukan abin da suke ci, aka yi makonni ana haka. Da aka duba, sai aka tarar marainan da yawa daga cikinsu sun tsumbure, ƙwayoyin maniyyi kuma sun daina samuwa yadda ya kamata. Wani ɗan'uwan kafeyin mai suna tiyoburomin, wanda ke da yawa cikin koko, akwai shi kaɗan kuma cikin goro, shi ma ya yi irin wannan ɓarna.

Nan gida Nijeriya ma an yi. Cikin 2016 masana na Jami'ar Ibadan suka buga sakamakon gwajin da suka yi, inda suka ba mazan ɓeraye miligiram 10, da 20, da 40 na kafeyin ga kowane kilo ɗaya na nauyin jiki, kullum har kwana 30. Suka ga ƙwayoyin maniyyi sun ragu, gaɓoɓin haihuwa sun rage nauyi, sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aikawa su umarci maraina su yi aiki su ma sun yi ƙasa. Da aka daina ba waɗansu aka bar su suka huta, sai aka ga alamun farfaɗowa.

Amma gahawa ba kafeyin kaɗai ba ce. Akwai ɗaruruwan sinadarai cikinta, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira kulorojenik, an sha gwada shi a ɓeraye aka ga yana kāre maraina daga ɓarnar waɗansu gubobi. Wani abin mamaki kuma, in aka ɗiga kafeyin kan maniyyi cikin kwalbar gwaji, ƙwayoyin ƙara motsi suke yi. Watau cikin ƙwaya guda akwai mai cizo akwai mai hurawa. Wanda ya ɗauki gwaji ɗaya ya ce ya gama sanin gahawa, ya yi kama da wanda ya leƙa Ƙofar Mata ya ce ya ga Kano.

A ZO A YI LISSAFI

Nan ne aikin malamin makaranta da akawu, gama maganar duk ta koma ga awo. Kofi ɗaya na gahawa yakan ƙunshi miligiram 80 zuwa 100. Mu ɗauki mutum mai nauyin kilo 60, mu ɗauki awo mafi girma na gwajin Ibadan, watau 40. In an buga 40 sau 60 an sami miligiram 2,400, kofin gahawa fiye da 24 ke nan a yini guda. Mai son kāre gahawa nan yake tsayawa, ya yi dariya, ya ce wa ke shan wannan?

To, amma masana harhaɗa magunguna ba haka suke lissafi ba. Ƙaramar dabba jikinta ya fi saurin ƙone abin da ta ci. Ɓera yakan fitar da rabin kafeyin da ke jininsa cikin wajen awa ɗaya, mutum kuwa sai ya yi wajen awa biyar. Saboda haka ƙa'idarsu ita ce, in za a juya awon ɓera zuwa na mutum, sai a raba shi gida shida da ɗan ɗoriya. Raba 2,400 gida shida, ka sami 400. Kofi huɗu ko biyar ke nan, abin da ba ya gagarar mai son gahawa. Shi kuwa gwajin Amurka na 1979, ko an bi wannan ƙa'ida, yana kai wa kofi wajen 30 a yini, wanda mai hankali ba ya sha.

Wannan adadi na 400 a riƙe shi da kyau. Cikin 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi ƙwaƙƙwaran nazari, ta ce miligiram 400 a yini ba abin damuwa ba ne ga baligi lafiyayye, mace mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Ashe babban awon ɓeran Ibadan yana bakin iyakar da aka shata wa mutane. Ba abin firgita ba ne, ba kuwa abin dariya ba ne.

Akwai wani darasi kuma daga Amurka. Cikin 1980 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi mata masu ciki game da kafeyin, don an ɗura wa ɓeraye masu ciki da bututu, lokaci guda, waɗansu 'ya'yan suka fito da yatsu ba su cika ba. Bayan 'yan shekaru aka sāke gwajin, amma aka zuba kafeyin cikin ruwan sha, ɓera na kurɓa kaɗan kaɗan duk yini. Ba a ƙara ganin naƙasar yatsun ba. Watau ba yawan abu kaɗai ake dubawa ba, har da yadda ya shiga jiki. Mai tauna goro a hankali daga hantsi zuwa azahar dabam yake da wanda ya ɗaga gwangwani biyu ya shanye a tsaye.

MUTANE FA?

An ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, amma ɓera ba mutum ba ne, gani kuwa ya kori ji. Me aka gani a jikin mazaje kansu?

A ƙasar Denmak an auna maniyyin samari 2,554 waɗanda suka je gwajin shiga soja, aka tambayi kowa abin da yake sha, aka buga sakamakon cikin 2010. Masu shan gahawa da shayi daidai wa daida ba a ga wani bambanci tsakaninsu da sauran ba. Waɗanda aka ga raguwa gare su su ne masu shan baƙin lemon kwalba fiye da lita ɗaya kowace rana. Su ƙwayoyinsu wajen miliyan 40 ne cikin kowane mililita, marasa sha kuwa miliyan 56. Amma baƙin lemo bai kai gahawa yawan kafeyin ba, saboda haka masu binciken suka ce mai yiwuwa laifin na sauran halin rayuwar samarin ne, irin su cin kayan kwalam da ƙin ganye. Ko su ɗin ma ba su faɗa cikin marasa haihuwa ba, gama iyakar ƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin 2021 ita ce miliyan 16.

Cikin 2017 kuma waɗansu likitoci a Italiya suka tattara bincike 28 da aka yi a kan maza kusan dubu 20. Abin da suka tarar shi ne, a yawancin binciken gahawa da shayi da koko ba su taɓa yawan ƙwayoyin maniyyi ko motsinsu ba, baƙin lemo ne ke da alamar tambaya, akwai kuma 'yar alamar cewa kafeyin na iya taɓa ƙwayar gādo da ke cikin maniyyi, amma shaidun sun saɓa wa juna.

Wani zai ce, ai mu shaidarmu ta fi ta kowa: kakanninmu sun ci goro har haƙora suka yi ja, suka kuma cika gidaje da 'ya'ya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gama da goro na kashe haihuwa da tuni unguwannin fatake sun zama kufai. Sai dai mai 'ya'ya ashirin shi ake gani, wanda bai samu ba ba a lissafa shi, ana cewa laifin matansa ne. Ban da haka, kakanninmu goro kaɗai suka ci.

Ga misali a gwada. Ma'aikaci ya tashi da safe ya sha shayi kofi ɗaya, miligiram wajen 50. Mai shayi ya ƙara masa cokalin Nescafe, wajen 60. Goro matsakaici ɗaya yana iya kai kofi ɗaya ko biyu na gahawa, mu ƙaddara 150, ya kuwa ci biyu kafin la'asar, 300 ke nan. Da yamma ya sha gwangwanin lemon kuzari, wajen 80. In an tara an sami 490. Ya haye iyaka, alhali in ka tambaye shi sai ya rantse bai taɓa shan gahawar kirki ba. Direban babbar mota, da mai gadi, da ɗalibi lokacin jarrabawa, sukan ninka wannan. Tun kafin a zo maganar haihuwa, irin wannan yakan jawo rashin barci, da faɗuwar gaba, da rawar hannu, mai hawan jini kuwa ya ƙara masa.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Babban abin tsoro ga labarin ɓeraye shi ne kada ya ɗauke hankalin mutane daga inda ciwon yake. Cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum ɗaya cikin kowane baligi shida yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun tabbata, cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma a al'adarmu, in an shekara uku shiru, mace ake kallo. Ita ke shan saiwa da rubutu, ita ke shan gori wajen dangin miji, ita ake yi wa kishiya, in abin ya ƙi a sallame ta. In ɓera na da sata, ai daddawa ma na da wari. Sau da yawa maigida ya auri ta biyu da ta uku, duk shiru, bai taɓa tunanin a duba shi ba.

Abubuwan da aka tabbata suna ɓata haihuwar namiji sanannu ne. Akwai ciwon sanyi da aka bari ya daɗe ba magani na sosai, har ya toshe hanyar maniyyi. Akwai hangum in ya kama namiji bayan balaga ya sauka maraina. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, wanda ake gyarawa da ƙaramin aiki. Akwai tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufai, birni kuwa ba ya rasa su. Akwai ciwon sukari, da ƙiba, da taba sigari, da zama kullum cikin zafi mai tsanani, da ƙwayoyin maye irin su tiramadol da kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari da shi da shigo da shi cikin 2018. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shaidarsa a jikin mutane ta fi ta goro ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sa'an nan akwai gahawar da ta cancanci a ji tsoronta da gaske, watau irin wadda ake ƙullawa cikin 'yan fakiti ana talla wai ta ƙarfin maza ce. Cikin 2017 an janye wata irin wannan daga kasuwa a Amurka, don an tarar an ɓoye mata wani sinadari ɗan'uwan Viagra ba a rubuta a jiki ba. Mai ciwon zuciya da ke shan waɗansu magunguna, in ya haɗa da irin wannan, jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya. Kuma ƙarfin kwanciya dabam, haihuwa dabam. Mutum na iya samun na farko cikakke ya rasa na biyu. Haka nan namijin goro, wanda ake yawan ambata a wannan fage, itaciyarsa dabam ce da ta goro. An gwada sinadarinsa a ɓeraye a Ibadan an ga alamun alheri, amma ƙa'idar ɗaya ce: in ba mu yarda ɓera ya yanke wa goro hukunci ba, ba ma yarda ya ba namijin goro lambar yabo.

ABIN DA YA KAMATA

Na farko, kada kowa ya tayar wa 'yan goro hankali. Babu wata shaida daga jikin mutane da ta nuna goro ɗaya ko biyu a yini, ko kofin shayi, ko kofin gahawa, na hana namiji haihuwa. Dubban gidaje ne ke ci daga wannan sana'a, tun daga Shagamu har Mariri, bai kuwa kamata jita-jita ta taɓa abincinsu ba.

Na biyu, kowa ya san awonsa. A riƙa haɗa lissafin goro da shayi da Nescafe da lemo wuri ɗaya, gama jiki bai san sunayensu ba, kafeyin kaɗai ya sani. Wanda ke neman haihuwa ta yi jinkiri, ba ya hasarar kome in ya rage, musamman lemon kwalba da na gwangwani. Ya kuma yi haƙuri wata uku kafin ya sa ran ganin canji, tun da ƙwayoyin sai sun yi kwana 70 da wani abu suke nuna. Mata masu ciki da ke kwaɗayin goro su tuna iyakarsu rabin ta maza ce.

Na uku, in an shekara guda ana tare ba rabo, miji da mata su tafi asibiti tare. Awon maniyyi ba allura, ba yanka, ya kuwa fi yawancin gwajin da ake yi wa mata sauƙi da araha. Ga Asibitin Murtala a bakin Ƙofar Mata, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Neman magani ba ya rage wa namiji daraja, ba kuwa ya saɓa wa tawakkali.

Na huɗu, muna kira ga Jami'ar Bayero da sauran jami'o'in Arewa su mai da hankali ga mutanenmu kansu. Da wuya a sami wuri a duniya da ya fi Kano dacewa da wannan bincike, gama ga masu cin goro goma a yini, ga waɗanda ba su taɓa shi, duk a unguwa ɗaya, abinci ɗaya, ruwa ɗaya. Samarin Denmak ba su cin goro, ɓeran Filadelfiya kuma bai san daushe ba. Hukumar NAFDAC ita ma ta matsa wa masu yin lemon kuzari su rubuta yawan kafeyin a jikin gwangwani da manyan baƙaƙe, ta kuma sa ido kan fakitin gahawar maza da ke yawo a tasha da bakin kasuwa.

Ku kuma malamai, wannan darasi ne da ya wuce goro. Ku koya wa yara, duk ran da suka ji an ce "masana sun gano", su yi tambaya uku: a jikin wa aka gwada, nawa aka ba shi, kwana nawa aka yi? Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi ba mai tsorata shi da labarin ɓera, ba kuwa mai sayar masa da garin banza a fakiti. Allah ya ba mu lafiya da zuriya ɗayyiba, amin.